Saki Reshe, Kama Waya

Idan mutum ya bar abin da ke riƙe da shi ya rungumi abin da ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, Bahaushe kan ce ya saki reshe ya kama ganye. Karin maganar nan takan faɗo mini a rai duk lokacin da aka tayar da zancen bankunan Birtaniya waɗanda ba su da reshe ko guda a bakin titi. Babu ƙofar shiga, babu layi, babu manajan da za a gaisa da shi. Bankin gaba ɗayansa yana cikin wayar hannu. Duk da haka miliyoyin mutane sun kwashe albashinsu da kuɗin hayarsu sun koma can, har da 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikatan jinya da ke zaune a Landan da Manchesta da Birmingham. Shin ganye suka kama?

Kafin a amsa, sai a san cewa a garuruwa da yawa reshen ne ya fara sakin mutane. Ƙungiyar kare masu saye da ake kira Which? ta ƙirga cewa daga farkon 2015 zuwa tsakiyar 2024 an rufe rassan banki fiye da 6,000 a ƙasar. Mai asusu a Barclays ko Lloyds ko NatWest, wanda da can tattaki kawai yake yi ya isa banki, yanzu sai ya hau mota zuwa wani gari. Gine-ginen sun koma shagunan kofi da wuraren aski. Mutumin da ya ga haka yana da hujja idan ya tambayi kansa: tunda dai ta waya nake hulɗa da bankina, me zai hana in koma wurin waɗanda tun asali don waya aka gina su?

Abin ma ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Tun a watan Oktoba na 1989 bankin Midland ya buɗe First Direct a garin Leeds, bankin da ake yi wa magana ta tarho dare da rana, ba shi da kanta ko ɗaya. Yau yana ƙarƙashin HSBC. Waɗanda suka zo da manhajar waya su ne na baya-bayan nan. Anne Boden, wadda ta daɗe tana aiki a manyan bankuna, ta kafa Starling a 2014. Wasu daga cikin waɗanda suka fara aiki tare da ita, ciki har da Tom Blomfield, suka ɓalle a 2015 suka kafa abin da ya zama Monzo. Sai kuma JPMorgan na Amurka ya shigo da Chase a watan Satumba na 2021, shi ma ba tare da reshe ba.

Ƙaurar kanta ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin, kuma ita ce mutane suka fi jin tsoro. Tun watan Satumba na 2013 akwai wani tsari na ƙasa mai suna Current Account Switch Service, wanda bankuna fiye da 40 suka sa hannu a kansa. Mutum zai buɗe asusu a sabon banki, ya ce yana son ƙaura, ya ba da lambar tsohon asusunsa, ya zaɓi rana. Daga nan aiki ya koma hannun sabon bankin, kuma cikin ranakun aiki bakwai ake kammalawa. Shi zai kwaso ragowar kuɗin da ke tsohon asusun. Shi zai ɗauko duk izinin da mutum ya ba kamfanoni na cirar kuɗin wuta da ruwa da harajin ƙaramar hukuma, da umarnin biyan haya na wata-wata. A ranar da aka tsayar sai a rufe tsohon asusun. Idan wurin aiki ya manta ya tura albashi tsohuwar lamba, kuɗin zai bi mai shi zuwa sabon gida, a kuma sanar da wanda ya turo. Ba a biyan ko kwabo. In aka samu kuskure har aka ci mutum tara ko aka ɗora masa kuɗin ruwa, sabon bankin ne zai mayar masa. An yi irin wannan ƙaura fiye da sau miliyan 10 tun da aka fara.

Akwai abubuwan da ba sa bin mutum, kuma nan ne ake yawan tuntuɓe. Duk kamfanin da aka ba doguwar lambar da ke jikin kati, irin su Netflix ko wurin motsa jiki ko wasu kamfanonin inshora, ba ya cikin tsarin. Tsohon kati na mutuwa, biyan ya tsaya, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su sabuwar lamba. Tarihin shige da ficen kuɗi shi ma ba ya ƙaura. Ga baƙo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sabunta biza da kama gidan haya da neman rancen sayen gida duk sukan buƙaci takardar bayanin asusu ta watannin baya. Gara a sauke su a adana tun manhajar tsohon bankin tana buɗewa. Wanda kuma ake bin sa bashi a tsohon asusun, wato ya ci fiye da abin da ke ciki, sai ya daidaita da sabon bankin tukuna, don ba dole ba ne su yarda su ɗauki bashin. Kuma kada mutum ya yi azarɓaɓin rufe tsohon asusun da kansa. Yin haka yana ɓata tsarin gaba ɗaya.

To, ina batun amana? Wanda ya taso yana ganin banki a matsayin gini mai ƙofar ƙarfe da mai gadi, zuciyarsa ba ta kwanciya da bankin da ba a iya nuna shi da yatsa. Amma a tuna da Northern Rock. A watan Satumba na 2007 mutane suka yi dogayen layuka a ƙofar rassansa suna neman kuɗinsu, ginin yana nan daram, bankin kuwa ya riga ya durƙushe, har gwamnati ta karɓe shi a farkon 2008. Abin da ke tsare kuɗin mai ajiya shi ne lasisi da inshorar da ke bayansa. A Birtaniya asusun FSCS ne ke biyan masu ajiya idan banki ya rushe. Shekaru da dama iyakar ita ce fam 85,000 ga kowane mutum a kowane banki, daga 1 ga Disamba 2025 aka ɗaga ta zuwa fam 120,000. Starling ya samu lasisinsa a 2016, Monzo ya samu cikakke a 2017, saboda haka fam ɗin da ke cikinsu yana da kariya daidai da wanda ke Barclays.

Sai dai ba duk manhajar da ke ba da kati da lambar asusu ba ce banki. Wise, wanda mutanenmu suka sani wajen aika kuɗi gida, kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet ne. Doka ta tilasta masa ware kuɗin mutane daban da nasa, amma wannan inshorar ba ta rufe su ba. Revolut ma ya yi shekaru yana aiki a haka. Ya nemi lasisin banki a 2021, bai samu matakin farko ba sai a Yulin 2024. Akwai kuma wani tarko ƙarami: iyakar inshorar tana bin lasisi ne, ba sunan da ke jikin kati ba. First Direct da HSBC lasisinsu ɗaya, don haka wanda ya raba kuɗinsa tsakaninsu bai raba komai ba.

Masu sukar sababbin bankunan suna da abin faɗa. Hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta ci Starling tarar kusan fam miliyan 29 a Oktoban 2024 saboda sakaci wajen tantance masu buɗe asusu. A Yulin 2025 ta ci Monzo fam miliyan 21, bayan an gano cewa wasu sun buɗe asusu suna cewa a fadar Buckingham suke zaune, wasu ma a gida mai lamba 10 a titin Downing, aka kuma karɓa. Gaggawar tara kwastomomi ce ta jawo haka. Amma kada masu reshe su yi dariya da yawa. A ƙarshen 2021 kotu ta ci NatWest tarar sama da fam miliyan 264, kan wani kamfanin gwal na Bradford da ya riƙa kai tsabar kuɗi rassansa, wani lokaci a cikin baƙaƙen ledojin shara, ma'aikata suna ƙirgawa. Haka kuma a Afrilun 2018, lokacin da TSB ya sauya kwamfutocinsa abin ya cije, kwastomomi kusan miliyan biyu suka kasa shiga asusunsu, kuma zuwa reshe bai yi musu maganin komai ba, don ma'aikacin da ke bayan kanta shi ma kwamfutar yake kallo.

A ganina abu biyu ne kawai mutum yake rasawa da gaske idan ya bar reshe, kuma su ya kamata ya auna.

Na farko tsabar kuɗi. Cirewa ba matsala, kowace na'urar ATM tana karɓar katin. Zubawa ce aiki. Starling ya dogara da gidan waya, wanda ke da rassa kusan 11,500 a ƙasar. Monzo ya daɗe yana amfani da shagunan unguwa masu alamar PayPoint, inda ake cire fam ɗaya a kowane zubi, kuma akwai iyakar abin da za a iya zubawa. Chase da ya fara ba ya karɓar tsabar kuɗi sam. Ma'aikacin ofis da albashinsa ke shigowa ta waya ba zai ma lura ba. Amma direban tasi, da mai kitso a gida, da uwar adashi, da ma'ajin masallaci da ke tara sadakar Juma'a, duk sai sun karanta ƙa'idar zubi da kyau kafin su motsa. Cek kuwa yawanci hotonsa ake ɗauka da waya, in ya wuce wani adadi a aika ta gidan waya.

Na biyu shi ne fuskar mutum ranar da abu ya lalace, kuma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kowane banki a Birtaniya yana iya daskarar da asusu idan na'urarsa ta ga motsin da ba ta gane ba, kuma dokar 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta hana su gaya wa mai asusun dalili idan sun kai rahoto. Mu kuwa al'adunmu na kuɗi suna da saurin tayar da hankalin na'ura. Mutum goma sun turo wa ɗaya kuɗin adashi a rana guda. Aboki ya ba ka fam a nan, ka sa ɗan'uwanka ya ba nasa naira a Kano. Wani ya roƙe ka ka karɓar masa kuɗin makaranta a asusunka. Kai ka san zumunci ne, kwamfuta kuwa kamar safarar kuɗin haram take gani. Idan hakan ta faru a bankin da ke da reshe, aƙalla akwai inda za ka je da takardunka ka zauna gaban wani, ko da ba shi da ikon buɗewa. A bankin waya sai dai ka rubuta saƙo ka jira. Doka ta ba banki har mako takwas ya amsa ƙorafi, bayan nan ne mutum zai iya kai ƙara kyauta ga ofishin Financial Ombudsman Service. Mako takwas ba wasa ba ne ga wanda kuɗin hayarsa ke ciki.

Ga kuma wayar kanta. A Landan fizgen waya daga hannun masu tafiya a ƙasa ya zama ruwan dare, kuma wanda bankinsa ke cikin waya, ranar da aka fizge ta an tafi da ƙofar bankinsa. Ya dace tun kafin a ƙaura a bincika ko bankin yana da lambar da mutum mai rai ke ɗauka da tsakar dare, da kuma ko ana iya shiga asusun ta kwamfuta. First Direct da Starling suna amsa kira kowane lokaci. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ko wanda Turancinsa bai nuna ba, ban ga dalilin da zai sa 'ya'yansa su matsa masa ya ƙaura ba. Irinsu ne ma suka sa aka fara buɗe cibiyoyin haɗin gwiwa a garuruwan da rassa suka ƙare, inda gidan waya ke riƙe da kanta, bankuna kuma suna turo wakilansu kowanne da ranarsa.

Me ake samu a madadin haka? Saƙo nan take duk lokacin da kwabo ya fita, damar kulle kati da yatsa ɗaya idan ya ɓace, ware kuɗin haya ko na tikitin zuwa gida a wani aljihu daban a cikin asusun, da sauƙin caji idan an yi amfani da kati a ƙasar waje. Tsofaffin bankuna sun kwaikwayi yawancin waɗannan. Su ne ma suka fi raba tukuicin ƙaura, daga fam 100 zuwa 200, bisa sharaɗin a zuba wani adadi cikin ƙayyadadden lokaci. Akwai waɗanda suka mayar da yawon karɓar tukuicin nan sana'a, sai dai wasu bankunan suna binciken tarihin bashin mai nema, kuma yawan binciken yana barin tabo a takardar wanda ke shirin neman rancen gida.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba baƙon wannan labari ba ne. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a da yawa zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda, lokacin da manhajojin manyan bankuna suka riƙa cijewa, mai POS na bakin titi kuma ya zama reshen kowa. Kamar Northern Rock, bankin Heritage ma yana da rassa lokacin da aka soke lasisinsa a Yunin 2024. Tambayar lasisi ma tana nan: tun 2024 hukumar NDIC tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki irin na masu ƙaramin ƙarfi, kuma da irin wannan lasisin na biyu Kuda da Moniepoint suke aiki. Bambancin shi ne a Najeriya ba a ƙaura, ƙari ake yi. Mutum ya buɗe sabo, tsohon yana nan.

Wannan ɗabi'a tamu tana da amfani ko a Birtaniya. Babu dokar da ta hana mutum riƙe asusu biyu ko uku, kuma yawancinsu kyauta ne. Ana iya buɗe na waya a riƙa cefane da shi wata biyu ko uku, albashi yana shiga tsohon, a ga yadda suke amsa saƙo idan an tambaye su wani abu. In hankali ya kwanta sai a mayar da albashin da hannu, a bar tsohon asusun da ɗan abin da zai biya hayar wata guda. Abin lura kawai shi ne lamunin nan na ranaku bakwai, da bin sawun kuɗin da aka tura tsohuwar lamba, na wanda ya yarda a rufe tsohon asusunsa ne. Wanda ya zaɓi riƙe biyun, shi zai sanar da wurin aikinsa da mai gidan hayarsa da kamfanin wuta da kansa.