Daga Musawa Zuwa Gaɓar Kainji: Gandun Dajin Da Hanyarsa Ta Toshe

Mutumin Musawa wanda ya yi sha'awar ya tsaya a bakin ruwan da ido ba ya iya hango ƙarshensa, ba lalle ne sai ya dangana da Ikko ko Fatakwal ba. Akwai wani makeken ruwa a Jihar Neja wanda ya fi su kusa, wato tafkin Kainji, mai tsawon fiye da kilomita 130, da faɗin da ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. A gefensa kuma akwai gandun dajin da ya riga kowanne zama mallakar ƙasa baki ɗaya a Nijeriya. Shekaru da dama wannan wuri ya kasance inda ma'aikaci zai tafi da iyalinsa lokacin hutu, makarantu kuma su kai ɗalibansu su ga dam, su kwana a daji, su ga namun da suke jin sunansu a tatsuniya. Yau kuwa tafiyar ta gagara, abin da ya hana ta kuma shi ne ainihin abin da ya hana manomin kudancin Katsina barci.

Tun kafin a yi hanyar mota akwai abin da ya haɗa ƙasashen nan biyu, shi ne ruwa. Kogin Sakkwato daga kusa da Funtuwa ya taso. Ruwan da ya zuba a gonakin auduga da masara na wannan yanki, in bai nutse a ƙasa ba, yakan bi ta Gusau ya haɗu da Rima a Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara, ya gangara Yawuri, sa'an nan ya shiga tafkin. Saboda haka ne ake samun cikowa iri biyu a Kainji kowace shekara. Ta farko ita ce farin ruwa, wadda ke zuwa daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka da ƙasar da ta kwaso daga gonakin Arewa. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana jan jiki a fadamun ƙasar Mali har lakarsa ta kwanta, ba ya isowa sai tsakiyar hunturu. Ɗalibin labarin ƙasa da ya fahimci wannan, ya fahimci dalilin da ya sa injunan Kainji ke samun ruwa a lokacin da rafukan garinsu suka ƙafe ƙurmus.

Tafkin kansa aikin hannu ne. An fara gina madatsar ruwan a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa. An shirya wa injuna 12 wuri, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Da ruwa ya taru sai ya haɗiye garuruwa da ƙauyuka masu yawa, har da tsohon birnin Busa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Sabuwar Busa, wadda ake kira New Bussa, a lokacin ne aka gina ta. A ƙarƙashin wannan ruwa ne duwatsun da suka kife jirgin Baturen nan Mungo Park a 1806 suke kwance. Daga Busa ɗin ne kuma Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a 1830 har suka fita teku, suka warware wa Turawa gardamar da suka daɗe suna yi game da inda Kwara ta ƙare.

Gandun dajin ya samu ne daga haɗa wasu gandaye biyu na namun daji, na Borgu a yammacin kogi da na Zugurma a gabas, aka kuma tabbatar da shi da dokar soja mai lamba 46 ta 1979. Girmansa murabba'in kilomita 5,340 ne, wato ya ɗara kashi ɗaya bisa biyar na Jihar Katsina duka. Ɓangaren Borgu ya fi girma nesa ba kusa ba, shi ne kuma aka yi wa hanyoyi da masauki domin baƙi.

Hanya da guzuri

Mai mota daga Musawa yakan fito babbar hanyar Katsina zuwa Funtuwa, ya bi ta Malumfashi da Bakori. Daga Funtuwa sai ya karkata kudu maso yamma zuwa Birnin Gwari, inda yake wucewa kusa da wani gandun dajin na ƙasa, wato Kamuku, wanda ya sami wannan matsayi a 1999. Daga nan sai Tegina, sai Mokwa, sa'an nan ya juya arewa maso yamma zuwa dam da Sabuwar Busa. Tafiyar ta fi kilomita 500, kuma ko a zamanin da hanyar take lafiya lau, mai hankali sammako yake yi don kada dare ya riske shi a tsakanin garuruwa.

Abin lura a wannan hanya shi ne yadda ƙasa ke sauya kama. A Musawa da Malumfashi gona ce ke bin gona, itatuwan da suka rage su ne waɗanda manomi ya ga amfaninsu ya bari, kamar ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya. Da an wuce Funtuwa sai doka ta fara yawa, ciyawa ta ƙara tsawo, duwatsu su fara fitowa. Kafin a isa Borgu an shiga dajin maje da kawo da baushe da maɗobiya, gamba kuwa a ƙarshen damina takan shanye mutum a tsaye. Yaron da bai taɓa barin gida ba a nan yake gane cewa ƙasarsu ma da can haka take, gatari da garma ne suka mayar da ita fili.

Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, wanda ya yi daidai da lokacin da aka gama kaka, manomi ya sayar da auduga, makarantu suka yi hutu. Dalili kuwa, da damina hanyoyin cikin dajin ba sa biyuwa, ciyawa kuma takan ɓoye kome. Da rani ma'aikatan gandun sukan ƙona ciyawa da wuri, kududdufai su bushe, sai namun daji su doshi kogin Oli, wanda ya ratsa ɓangaren Borgu, yake kuma riƙe ruwa a gurbi-gurbi har ƙarshen bazara. A bakin wannan kogi aka gina masaukin baƙi, ana shiga kuwa ta garin Wawa. Ƙa'ida ce ba a shiga sai da jagora daga cikin ma'aikatan, ba a fita daga mota sai inda ya ce, ba a kuma shiga da bindiga ko tarko.

Guzurin mai kwanan daji ba shi da yawa, amma kowane abu da aikinsa: tanti ko tamfol, tabarma, gidan sauro, tocila, risho da kananzir, jarkar ruwan sha, tayar safaya da igiya. Abinci kuwa irin wanda ba ya lalacewa, garin rogo da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino, abin da fataken da suke bin wannan ƙasa ta Borgu zuwa Gwanja sayen goro ba za su yi baƙuntarsa ba. Sutura ma da ƙa'idarta. Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, ya fi bin baƙin tufafi da shuɗi, don haka ake son mai launin ƙasa. Ruwan tafkin kuma, duk da kyaunsa a ido, ba na wanka ba ne a gefen da yake kwance da ciyayi, domin a nan ne ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsargiya suke zaune.

Babban abin da jagora ke jan kunnen baƙo a kai shi ne dorina. Ɗalibai da yawa ba su san dorina ba sai a hannun malamin horo, ba su san cewa sunan bulalar daga fatar dabbar ya samo asali ba. Ita kuwa dabbar wuni take cikin ruwa, hanci da kunnuwa kaɗai ake gani, sai dare ya yi ta fito kiwo, takan yi tafiyar kilomita da dama tana cin ciyawa, ta komo kafin gari ya waye ta kan turbar da ta saba. Wanda ya kafa tanti a kan wannan turba, ko ya shiga tsakaninta da ruwa, ya sayi rigima da kuɗinsa, domin duk nauyinta ta fi mutum gudu. Saboda haka ba a kwana sai inda aka keɓe.

Da asuba da kuma la'asar sakaliya ake fita kallo, lokacin da rana ba ta da zafi. A shekarun da dajin ke cike, baƙo yakan ga garken maraya a fadama, da kanki, da gwambaza a bakin ruwa, da gwanki sha bara, da ɓauna saniyar sake. Gwaggon biri kuwa har kan hanya yake zama ba ya ko gezau, mugun dawa ya ruga da wutsiya a miƙe, burtu yana takawa a ƙonannen fili, kada yana shan hantsi a kan yashi. Zaki sai mai sa'a, galibi gurnaninsa ake ji da dare. Wanda ya gama da daji yakan koma gaɓar tafki ya ga Sarkawa da sauran masunta suna sauke giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, ya kuma leƙa makarantun gwamnatin tarayya da ke Sabuwar Busa, wato kwalejin koyon kula da namun daji da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi.

Abin da ya faru da dajin

Tun kafin maganar 'yan bindiga ta taso, dajin ya fara ramewa. Mafarauta sun ci nasu, masu saran katako da masu gawayi sun ci nasu, shanu kuma suna shiga kiwo dubbai da rani. Giwa, wadda a shekarun 1970 ake ganinta garke-garke a Borgu, ta ɓace. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, a Nijeriya kuwa ba a same su ba sai a Kainji da Yankari, jimillarsu ba ta kai 50 ba. Wannan adadi ya isa ya tayar da hankalin duk wanda ya san cewa babu dabbar da ta kai zaki suna a bakin Bahaushe.

Sa'an nan hanya ta lalace daga kowane ɓangare. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Musawa. A Fabrairu 2021 aka shiga kwalejin kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar kuma aka ɗebe yaran wata Islamiyya a Tegina, garin da matafiyin Kainji ke ratsawa. Hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari ta zama wadda direbobi ke kauce wa shekara da shekaru, sai a ƙarshen 2024 da aka yi sulhu a Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar shanun garin. Babu shugaban makarantar da zai sa hannu a takardar fita da ɗalibai ta irin wannan hanya, ba kuwa za a ga laifinsa ba.

Dajin kansa ma bai tsira ba. Iyakarsa ta yamma tana dab da Jamhuriyar Benin, inda manyan gandayen arewacin ƙasar, wato W da Pendjari, suka zama maɓoyar mayaƙan da suka gangaro daga Sahel. A 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoto cewa irin waɗannan mayaƙa sun tsallako sun sami wurin zama a Kainji, a lokacin kuwa an riga an daina karɓar baƙi. A watan Agusta 2025 ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro ya ba da sanarwar kama wasu shugabannin ƙungiyar Ansaru biyu, ɗayansu jagoran ƙungiyar Mahmuda ne, wadda ta addabi ƙauyukan kewayen dajin a Neja da Kwara. Yadda abin ke faruwa a bayyane yake. Daji mai wannan girma, in baƙi suka daina zuwa kuɗin shiga ya tsaya, hanyoyin ciki su toshe, ma'aikacin da ke riƙe da tsohuwar bindiga ya ja da baya daga sansaninsa, wanda ya fi shi makami ya maye gurbin. Motar 'yan kallo da ke kewaya dajin safe da yamma, ashe ita ma wani irin sintiri ce.

Wannan magana ta shafi mutanen kudancin Katsina kai tsaye. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su. Biyu daga ciki, Apoi da Edumanom, suna Jihar Bayelsa, can inda Kwara ke rarrabuwa kafin ta shiga teku. Akwai Falgore a Jihar Kano, da fadamar Haɗeja a Jigawa. Akwai kuma dajin Kogo a Ƙaramar Hukumar Faskari, wanda daga Musawa bai kai tafiyar rabin wuni ba. Sai dai Faskari na cikin ƙananan hukumomin da suka fi shan wuya a hannun 'yan bindiga, kuma yawancin ɗaliban Funtuwa da Malumfashi da suka san sunan Kogo, a labarin hare-hare suka ji shi a rediyo.