Tafiyar Ƙasa da Baƙunci a Yammacin Katsina

Wanda ya fita Katsina ya nufi yamma, bai yi tafiyar da ta wuce mil 30 ba sai ya ga ƙasa ta sake. Fili mai rairayi ya ragu, duwatsu sun fara ɓullowa, waɗansu a zube kamar an tara su da hannu, waɗansu kuwa curi guda, sumul, babu ko ciyawa a kansu. Nan ce ƙasar Batsari, wadda hakiminta ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma. Kudu da ita ga Safana, ta Yariman Katsina, da garuruwanta irin su Runka da Zakka. Bayansu duka akwai dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin ƙasar Zamfara. A tsakanin duwatsun nan da bakin dajin mutane iri biyu ke zaune tun da daɗewa, watau manoma masu gero da dawa da wake da rogo, da kuma Fulanin ruga masu shanu. Yawancin mazauninsu mota ba ta kai wa gare shi, balle da damina. Mai son sanin harshensu da al'adunsu dole ya taka da ƙafa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, suka kuma ce zuwa da kai ya fi saƙo. Gaskiya ne, amma akwai saura. Baƙo ba ya ganin gari sai ta ƙofar da aka buɗe masa, mai buɗewar kuwa shi ne mai masaukinsa. Saboda haka darajar abin da matafiyi ya kawo ba ga yawan mil ɗin da ya taka take ba, tana ga wanda ya kai shi, da wanda ya karɓe shi, da abin da su biyun suke tsammani daga gare shi.

Misali mafi kyau shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da suna Abdulkarim. A watan Maris na 1853 ya tashi daga Katsina zai tafi Sakkwato, cikin ayarin Galadiman Sakkwato. A lokacin nan kusan shekara 50 ke nan da Fulani suka ci Katsina, zuriyar sarakunan Haɓe kuwa ta kafu a Maraɗi, su da Gobirawa ba su fasa kawo hari ba. Jin rundunar Gobirawa ta fito ya sa ayarin ya bar hanyar da ta miƙe, ya karkata kudu ta Kuraye da Kurfi, ya sauka Zakka. Daga Zakka suka faɗa daji, suka keta shi da gaggawa da tsoro, ba su sami natsuwa ba sai da suka kai wajen Bunka da Zurmi. Barth mutum ne mai lura ƙwarai, ya rubuta ganuwar garuruwa da duwatsu da itatuwa da amfanin gona. Amma wanda ya karanta wannan yanki na littafinsa don neman labarin ƙananan ƙauyuka da masu kiwo na bakin daji, kaɗan zai samu. Ba laifinsa ba ne. Baƙon manya ne, yana kwana inda manya suka kwana, yana tashi sa'ad da suka tashi. Ƙasar da ya gani ita ce ƙasar da ayarin Galadima ya yarda ya tsaya a cikinta.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, yaƙi ya kwanta, mutane suka fara fitowa daga cikin ganuwa da gindin duwatsu suna kafa unguwanni kusa da gonakinsu. Sai aka sami wani sabon matafiyi, shi ne Di'o mai rangadi, da dokinsa da 'yan alaronsa da tafintansa, ga kuma yaran hakimi suna gaba. Wannan ya shiga lungunan da Barth bai shiga ba. Sai dai abin da ya kawo shi kowa ya sani, ƙidayar mutane ce don haraji da ƙidayar shanu don jangali. Bafillacen da ya ji ana zuwa ƙirga masa dukiya, ba abin mamaki ba ne in rabin garken ya kwana bayan dutse. Rahotannin rangadi suna da amfani, gama a cikinsu ake samun sunayen ƙauyuka da asalin masu sarauta, amma ya kamata mai karanta su ya riƙa tuna cewa amsar da aka ba mai karɓar haraji ce.

Tun kafin waɗannan biyu, da kuma bayansu, akwai matafiyan da ba su rubuta kome ba, su ne kuwa suka fi kowa sanin ƙasar: fatake, da 'yan koli, da dillalan shanu, da almajirai masu yawon ci-rani, da mahauta masu bin ruga. Su suka san ƙa'idar shiga gari. Baƙo ba ya faɗawa gidan da ya ga dama. Yakan nemi dagaci ko mai unguwa, ya yi sallama a ƙofar zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya da mutanen gida da labarin hanya. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya huta, shi ma rashin hankali ne ya fara da shi. In ya faɗi buƙatarsa aka karɓa, mai unguwa ya sauke shi ko ya haɗa shi da wanda zai sauke shi. Daga wannan sa'a mai masauki ya ɗauki nauyinsa: shi zai ci da shi, shi zai amsa in baƙon ya yi ɓarna, shi zai bi masa hakki in an cuce shi. Ran tafiya ya raka shi bayan gari, sau da yawa ya haɗa shi da yaro ya kai shi hannun wani amininsa a gari na gaba. Haka mutum kan ratsa ƙasa duka, hannu zuwa hannu, ba takarda, ba ɗan doka. Abin da yake bayarwa goro ne, ko gishiri, ko turmin atamfa in ya daɗe, da kuma alkawarin da ba a furtawa, watau ran da mai masaukin ya shigo birni shi ma yana da gida.

Shiga ruga ya fi wannan wuya, ƙa'idodinta kuma sun fi yawa. Manomi ne yakan kai baƙo, manomin da Fulanin ke sauka gonarsa bayan girbi su zuba masa taki, wanda matansu ke kawo wa gidansa nono su karɓi hatsi. Ana tsayawa daga nesa a yi sallama, a jira namiji ya fito. Ba a ratsa garke, ba a tsallake dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa. Ba a kutsawa wajen bukkokin mata. Arɗo ake fara nema, in yana kusa. Tambayar mutum yawan shanunsa kuwa kamar tambayar attajiri abin da ke cikin asusunsa ce, har ta fi muni, don tana tuna masa da jangali. Kunya tana hana Bafillace faɗin sunan ɗansa na fari, tana hana shi cin abinci gaban surukinsa, tana hana shi nuna yunwa ko zafin ciwo. Mai bincike da ya zo da jerin tambayoyi, ya ga ana ta kawar da kai ana murmushi, sai ya rubuta cewa mutanen ba su da labari. Alhali kuwa sun ba shi labari babba, shi ne bai iya karanta shi ba. Waɗanda suka yi rubutu mai ƙwari a kan Fulanin daji, irin su Hopen a Gwandu a 1958 da Stenning a Borno a 1959, sun yi shi ne bayan dogon zama tare da mutanen, ba kwana ɗaya ba.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da kalmar nan “ƙananan ƙabilu” da ake yawan ji yanzu. A ƙasar Katsina ba ta zauna daidai ba. Gidan sarautar Katsina Fulani ne, hakimai da yawa Fulani ne, amma Bafillacen ruga bare ne a zauren hakimi kamar yadda Bamaguje na kudancin Katsina yake, ko da yake Bamagujen Hausa ce harshen uwarsa. Abin da ya ware su daga jama'a ba jini ba ne. Nisa ne daga hanya da kasuwa da makaranta da alƙali.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta mai da irin wannan ziyara sana'a, abin da ya faru a can kuwa yana haskaka na nan. Ita ce Lawos, a kudu maso gabashin Asiya, tsakanin Sin da Biyetnam da Tailan, ƙasa ce ta tsaunuka wadda ba ta taɓa teku ba. Gwamnatinta ta lasafta ƙabilu wajen 50. Ƙabilar Lawo, wadda ƙasar ta ci sunanta, ta ɗan haura rabin jama'a, tana zaune a kwari tana noman shinkafar fadama. Khmu suna kan gangara, Hmong da Akha suna can ƙololuwa, suna sheme daji su ƙone su shuka shinkafar tudu. Can ma, ashe, nisa daga hanya shi ne ma'auni. A 1999 aka kafa wani shiri a lardin Luang Namtha, a gandun dajin Nam Ha, da taimakon UNESCO, don kai masu yawon buɗe ido ƙauyukan tsauni da ƙafa. Aka ƙayyade yawan mutanen da za su tafi tare, aka hana tafiya sai da ɗan jagora mai izini, aka yanka abin da ƙauye zai samu na abinci da makwanci, aka koya wa baƙi abin da ba a yi. A bakin ƙauyen Akha, alal misali, akwai wata ƙofar itace da suke kafawa don raba mazaunin mutane da na iskoki, baƙo ba ya taɓa ta.

Wanda ya san ƙasar Ruma zai gane duk wannan nan da nan. Ɗan jagora shi ne yaron mai masauki, ƙofar Akha ita ce dangwali, kuɗin makwanci shi ne goro. Bambancin ɗaya ne, amma babba. Baƙon Lawos ya biya ya wuce, ba zai komo ba, ba kuwa ranar da mutumin tsauni zai sauka gidansa. Inda ramuwa ta faɗi, baƙunci yakan zama kallo, mutanen gari su koyi abin da baƙo ke so ya gani su riƙa nuna masa shi, tufafin biki a ranar da ba biki. Duk da haka shirin ya yi abin da rangadin Di'o bai yi ba, ya tambayi ƙauye ko yana son baƙin, ya kuma bar masa wani abu a hannu. Masu binciken jami'a, waɗanda sukan kwashe tatsuniyoyi da waƙoƙi da tarihin gari su sami digiri da su, garin kuwa ko kwafin littafin bai gani ba, ba su da bakin raina wannan.

Yau hanyar yammacin Katsina ba ta biyuwa yadda aka saba. Gonaki sun ci burtali da mashaya, ko da yake tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Satar shanu ta yawaita, 'yan sa-kai suka tashi, ramuwar gayya ta bi, dajin Rugu ya zama mafakar 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da su a 2019, bai ɗore ba. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, a watan Afrilu kuma aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A 2021 har layukan waya aka rufe na 'yan watanni. A 2025 waɗansu ƙananan hukumomin yankin sun sake ƙulla sulhu nasu na gida. Mutanen ƙauyuka da yawa sun watse, waɗansu cikin garin Batsari, waɗansu Katsina. Fulanin da ba su ɗauki makami ba sun rasa shanu a hannun ɓarayi, sun kuma rasa kasuwa saboda zargi.

Abin da ya karye shi ne sarƙar nan ta hannu zuwa hannu. Manomin da dā yake kai baƙo ruga, yanzu in an gan shi a can sai a ce ɗan leƙen asiri ne, baƙon da ba a sani ba kuwa ba mai shimfiɗa masa tabarma da sakin zuciya. Asarar rayuka ita ce babba, ba a haɗa ta da kome. Amma akwai wata asara da ta shafi masu nazarin Hausa, ba a kuwa lura da ita. Ilmin ƙauye a jikin wuri yake. Tsoho yana tuna sunan dutse ne in yana ganinsa, da wanda ya fara noma gindinsa, da shekarar da aka gudu kansa. A ƙasar nan ake jin Katsinanci yana gangarawa zuwa Zamfarci, ana cewa “hwara” da “ɗiya”, ga kuma Fulatancin ruga da ya sha Hausa. Yaron da ya tashi a gudun hijira cikin birni bakinsa na birni zai zama.

Malaman kwalejojin horon malamai suna da wata hanya da baƙo daga nesa ba shi da ita. A Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, cikin ɗalibansu kuwa akwai 'ya'yan waɗannan ƙauyuka. Ɗalibin da kakarsa ke zaune a wani zaure cikin Batsari ba ya bukatar mai masauki, shi ɗan gida ne. Abin da yake bukata shi ne a koya masa ya rubuta magana yadda aka faɗe ta, kada ya gyara ta ta koma Kananci, ya sa sunan ƙauyen da mai maganar ya fito da shekarar da ya bar shi, ya nemi yardarsa kafin ya ɗauki muryarsa, ya ɓoye sunansa in faɗinsa zai jawo masa wahala. Na ruga ya fi wuya, gama 'ya'yan ruga kaɗan ne suka kai kwaleji, ko da yake an kafa hukumar ilmin makiyaya tun 1989. Inda aka sami ɗaya a aji, ya cancanci malami ya ba shi lokaci fiye da na sauran.