Daga Baƙunci Zuwa Katin Zama: Rajistar Ɗan Nijar Mazaunin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin bambancin da ke tsakanin 'yancin shiga ƙasa da 'yancin zama a cikinta, ta hanyar duba matsayin ɗan Nijar da ya ƙaura zuwa Nijeriya. Ta nuna cewa tsarin baƙunci na gargajiya da rajistar hukuma duk suna neman wanda zai tsaya wa baƙo, amma shaidar al'ada ba ta wadatarwa a gaban doka.

1.0 Gabatarwa

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta. Ta ratsa tsakiyar ƙasar Hausa, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Gobirawan Sabon Birni da na Tibiri. Miles (1994) ya nazarci wannan rabuwa a ƙauyukan Yardaji da Yekuwa, waɗanda ke maƙwabtaka amma kowane yana ƙasa daban. Saboda haka mutumin Maraɗi da ya tare a Katsina bai sauya harshe ko addini ko sutura ba, wani lokaci ma gidan danginsa ya sauka. Duk da haka, a idon doka ɗan ƙasar waje ne.

2.0 Baƙo a Tsarin Gargajiya

Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa suna da hanyar sanin baƙo. Falke ko almajiri ko ɗan ci-rani yakan sauka wurin maigida ko fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya kuma gabatar da shi ga mai unguwa ko sarkin zango. Hill (1966) a Kumasi da Cohen (1969) a unguwar Sabo ta Ibadan sun bayyana yadda maigida yake lamuntar baƙonsa a cinikin shanu da goro. A wannan tsari mutum ne shaidar mutum, kuma baƙunci yana gushewa sannu a hankali ta hanyar aure da sana'a da daɗewa.

3.0 Matakai Uku na Dokar ECOWAS

Dokar zamani ta ɗora shaidar a kan takarda. A ranar 29 ga Mayu, 1979, ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a, wadda aka tsara aiwatar da ita a matakai uku. Na farko shi ne 'yancin shiga ba tare da biza ba, muddin mutum yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, kuma wa'adinsa kwana 90 ne. Na biyu shi ne 'yancin zama domin neman aiki, wanda aka amince da shi a Abuja a 1986. Na uku shi ne 'yancin kafa sana'a ko kamfani, wanda aka amince da shi a Banjul a 1990.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar mataki na farko a matsayin duka ukun. Wanda ya shigo ta Jibiya ko Illela ko Maigatari da hatimi a takardarsa, izinin ziyara kawai ya samu. Idan kwana 90 suka cika bai nemi ƙari ko izinin zama ba, zamansa ya saɓa wa doka, ko da ya gina gida ya haifi 'ya'ya.

4.0 Yadda Rajistar Take a Nijeriya

Hukumar Kula da Shige da Fice ce ke da alhakin wannan aiki, a ƙarƙashin dokar shige da fice ta 2015 da ƙa'idojinta na 2017. Ɗan ƙasar ECOWAS yana neman katin zama na ECOWAS, su kuwa sauran baƙi katin CERPAC ake ba su. A watan Yuli na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta na'ura ga duk wanda zamansa ya wuce kwana 90, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsu da adireshi, tare da afuwar wata shida ga waɗanda ba su da takardu.

Muhimmancin katin ya ƙaru ne saboda sauran takardu sun rataya a kansa. Baƙo yana buƙatar shaidar halattaccen zama kafin a ba shi lambar NIN, kuma tun daga Disambar 2020 aka wajabta haɗa wannan lamba da layin waya. Ga masu ƙaramin ƙarfi matsalar takan faro tun daga gida: wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba zai sha wahalar samun fasfo, wanda ba shi da takardar tafiya kuwa ba shi da abin da zai nemi katin zama da shi.

5.0 Darasin Tarihi

Rashin takarda ba ya nuna illarsa sai ranar da siyasa ko tattalin arziki suka juya. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice. Dubban ɗaruruwa suka bar ƙasar, ciki har da mazauna zango da aka haifa a can. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ɗauki irin wannan mataki, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, tare da 'yan Nijar da Chadi. A lokutan biyu, lamunin maigida da daɗewar zama ba su kare kowa ba.

6.0 Kammalawa

A ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da ba 'yan waɗannan ƙasashe damar shiga da zama har zuwa wata sanarwa. Ma'ana, abin da a da haƙƙi ne bisa yarjejeniya, yanzu ya dogara ga shawarar wucin gadi. Wannan ya sa rajista ta fi zama wajibi ga ɗan Nijar mazaunin Nijeriya. Akwai kuma aiki a gaban masana Hausa, domin kalmar baƙo ta haɗa mai ziyara da mazauni da ɗan ƙasar waje, alhali doka ta bambanta su. Muddin faɗakarwar hukuma ba ta samar da kalmomin da za su fayyace wannan bambanci ba, wanda ya shekara ashirin a Kano ba zai ɗauka da shi ake ba.