Rafin da aka binne, aka kuma tono shi

Almajiran da ke shirin karantar da labarin ƙasa sukan ɗauka gyaran bakin rafi a cikin birni aikin dashen itatuwa ne kurum da kafa kujeru. Ni kuwa ina gani itace shi ne abin da ya fi sauƙi. Bari in kawo misalin wani rafi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, don a ga inda wuyar take. Sunansa Conggecon. Ya ratsa tsakiyar birnin daga yamma zuwa gabas, ruwansa kuma yana ƙarewa a babban kogin Han.

Tun zamanin da rafin nan ke ba sarakunan ƙasar ciwon kai. Da rani ya ƙafe ya yi ta wari, da damina ya cika ya shiga gidaje. A shekarar 1760 Sarki Yeongjo ya tara dubban mutane suka yashe shi. Bayan yaƙin Koriya, watau daga 1950 zuwa 1953, 'yan gudun hijira suka kwararo birni, suka kafa bukkokin katako a bakinsa, ya zama kwatami sosai. Sai hukuma ta ce maganinsa a rufe shi. Aka soma shafe shi da kankare a 1958, aka shimfiɗa titi a kai, sa'an nan aka ɗora wata hanyar mota bisa ginshiƙai a saman titin, aka gama ta a 1976. A lokacin kuwa alfahari ake yi da ita, ana cewa birni ya ci gaba.

Shekara ta yi ta tafiya, ginshiƙan suka soma lalacewa, gyaransu na cin kuɗi. Lee Myung-bak ya zama magajin gari a 2002 da alkawarin zai rushe hanyar ya fito da rafin. Aka fara a watan Yuli na 2003, aka buɗe a watan Oktoba na 2005. Tsawon abin da aka gyara kilomita 5.8 ne, watau wajen mil 3 da rabi, da gadoji 22 a kansa.

To, ga tambaya ta farko da kowa ya yi: motoci fa? Fiye da 160,000 ke bin wurin kullum. Masu gardama suka ce birni zai cushe. Bai cushe ba, domin hukuma ba ta tsaya ga rushewa kaɗai ba. A 2004 ta sāke tsarin motocin bas na birnin duka, ta keɓe musu hanyarsu a tsakiyar manyan tituna, ta sa kati guda ya biya bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Mutane da yawa suka ajiye motocinsu a gida.

Maganar ruwa ita ce ta fi ba ni sha'awa, ita ce kuma baƙo ba ya gani. Wanda ya tsaya a bakin rafin ya ga ruwa garau yana gudu, ga kifi, ga yara na tsallake duwatsu, sai ya ce rafi ne ya farfaɗo. Alhali kuwa ruwan ba nasa ba ne. An tsara a riƙa turo masa wajen tan 120,000 kowace rana da injuna, yawanci daga kogin Han bayan an tace, sauran daga ruwan da ke tsatsowa cikin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. In injin ya tsaya da rani, rafin ya kusa ƙafewa. Ƙazantar gari kuma an gina mata magudanai dabam a gefe da gefe, amma in aka yi ruwan sama mai ƙarfi sukan tumbatsa su zuba cikin rafin, har kifi ya mutu. Don haka ne da hadari ya taso ake shelar kowa ya hau sama, a rufe ƙofofin. Waɗansu masana suna yi masa ba'a da cewa famfo ne mai tsawo. Ni ban ga laifin ba'ar ba, amma ban ga ta rage daɗin wurin ba: an auna an tarar zafin bakin rafin bai kai na titunan da ke kusa ba, jama'a kuwa na zuwa dubu dubu.

Saura mutanen da abincinsu ke ƙarƙashin tsohuwar hanyar. Unguwar nan kasuwa ce babba, dubban shaguna na maƙera da masu kayan inji da tufafi, ban da 'yan tebur da ke kasa kayan gwanjo a bakin titi. Su ba su roƙi lambu ba. Suka yi zanga-zanga, aka yi ta zama da su. 'Yan tebur aka kwashe su zuwa tsohon filin wasa na Dongdaemun. Ba su daɗe ba aka rushe filin shi ma, a 2008 aka sake mai da su wani wuri. Masu shaguna kuwa aka yi musu alkawarin sabuwar kasuwa, aka gina ta can kudu maso gabashin birni, ana ce da ita Garden Five. Da aka gama, kuɗin shago ya fi ƙarfin yawancinsu, ga ta nesa da abokan cinikinsu na da, shaguna da yawa suka yi shekaru ba kowa. A nan kam ina gani hukuma ta gaza, gama maƙeri da mai sayar masa da ƙarfe da mai sayen aikinsa a layi guda suke rayuwa, ba a ɗaukar ɗaya a bar biyu.

Shi dai magajin garin ya ci ribar aikinsa. A ƙarshen 2007 aka zaɓe shi shugaban ƙasa, ya hau mulki a 2008.