Sunan Wa Ya Fito?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a tashar Ƙanƙara ko kasuwar Sheme ta Faskari ya san wannan ɗan tsaiko. Ka karanto lambar asusu guda goma, yaron ya danna, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ga sunan da ya fito, shi ne?" In shi ne a tura, in ba shi ba ne a sake dubawa. Allah kaɗai Ya san yawan kuɗin da wannan tambaya ta tsare.

A harkar kirifto babu ita. Matasanmu da suka shigo ta ƙofar mainin ɗin Pi da Hamster sun san adireshin walat wani dogon jerin haruffa ne da lambobi a cakuɗe. Na USDT a kan Tron guda 34 ne, yana farawa da T. Babu mai haddace shi, kwafowa ake yi daga WhatsApp. In an sace lambar abokin cinikinka, ɓarawo zai turo nasa adireshin da sunan abokin naka. Akwai ma muguwar manhaja da ke laɓewa a waya, kana kwafar adireshi ta musanya shi. Kuɗin kuwa in ya tafi ya tafi ke nan, babu manajan banki a Funtuwa da za ka kai wa kuka.

Masana sun daɗe suna neman magani. A 2013 Gavin Andresen da Mike Hearn suka kawo tsarin BIP 70, wanda mai karɓa zai aiko da takardar neman biya mai sa hannu. Tsarin ya dogara da kamfanonin da ke ba shafukan intanet shaida, ya yi nauyi, a 2020 aka cire shi daga manhajar Bitcoin Core.

Sai hankali ya koma kan DNS, wato kundin sunayen intanet da ke aiki tun 1983. Shi ne ke gaya wa wayarka inda za ta samu shafi in ka rubuta sunansa. Sunayen da suka ƙare da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su. Mai suna yana da ikon rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin sunansa, to me zai hana ya rubuta adireshin walat ɗinsa? Mutanen kuɗin kirifto na Monero suka fara da OpenAlias a 2014, sannan a 2024 Matt Corallo da Bastien Teinturier suka fito da BIP 353 don Bitcoin. Ka rubuta suna mai kama da adireshin imel, walat ɗinka ta leƙa kundin ta ɗauko inda za a biya.

Gishirin abin shi ne sa hannu, wanda ake kira DNSSEC. Kamar takardar gona ce: mai unguwa ya buga hatimi, dagaci ya shaida hatimin mai unguwa, hakimi ya shaida na dagaci, har zuwa fada. A nan fadar ita ce babban makullin da ƙungiyar ICANN ke riƙe da shi tun 2010. In hatimi ɗaya ya karye a hanya, walat ta ƙi biya. Ana iya ma haɗa shaidun a miƙa wa na'urar da ba ta kan intanet ta tantance da kanta, kodayake wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a watan Satumban 2021 ya san cewa ba netwok, ba tura kuɗi.

Amma kada a ɗora wa hatimi abin da ba aikinsa ba. Iyakar shaidarsa ita ce mai wannan suna shi ya rubuta wannan adireshi. Bai ce mutumin kirki ne ba. Dandalin CBEX da ya durƙushe da kuɗin jama'a a Afrilun 2025 ai yana da sunansa a intanet. Ɗan damfara kuma zai iya yin rajistar suna mai bambancin harafi ɗaya da na gaskiya, hatiminsa ya fito tsaf.

Abin da ya fi damuna a yankinmu wani ne daban. Littafin Bitcoin a buɗe yake, duk wanda ya san adireshinka zai ga abin da ya shiga da abin da ya rage. Ɗan kasuwar hatsi a Sabuwa da ya liƙa adireshi ɗaya tilo a jikin sunansa, tamkar ya rataye takardar asusunsa a ƙofar shago ne, a ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ba su ƙare ba. BIP 353 ya ba da damar sa hanyoyin da ba sa tona asiri, irin su Lightning da tsarin da ke ƙirƙiro sabon adireshi a kowane biya. Walat ɗin Phoenix tana aiki da irin wannan suna ta Lightning, amma USDT ɗin da yaranmu suka fi riƙewa ba ya cikin wannan tsari.