Ko Ka Sani? Bairas ɗin da Ke Juya Garkuwar Jiki Ta Zama Sankara

Ko ka san cewa a cikin kowane mutum 10 manya a duniya, kusan 9 na ɗauke da wata ƙwayar bairas mai suna Epstein-Barr? Ta miyau take yaɗuwa, galibi tun ana yara, kuma in ta shiga jiki ta zauna ke nan har ƙarshen rayuwa.

Maɓoyarta ita ce abin mamaki. Cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in B take shiga, waɗanda aikinsu shi ne haɗa makaman yaƙi da cuta. Kamar ɓarawo ne ya tare a ɗakin mai gadi. Daga nan sai ta sa su yi ta hayayyafa, ta kuma hana wadda ta lalace mutuwa a kan lokaci. A jikin mai lafiya, ƙwayoyi nau'in T kan taka musu birki, shi ya sa yawancinmu ba ma jin komai.

Matsala na tasowa ne inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yawan kamuwa da shi na ingiza ƙwayoyin B su yi ta rarrabuwa, yana kuma raunana na T. Cikin wannan hanzari sai a sami kuskure: guntun kromosom na 8 ya manne da na 14, sashen gado mai suna MYC, wanda ke ba da umarnin girma, ya kunnu ya ƙi mutuwa. Abin da ke biyo baya shi ne sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wadda kan ninka girmanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Likita Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairas ɗin a Landan, cikin ƙwayoyin wannan kumburi. Shi ne bairas na farko da aka alaƙanta da sankara a jikin ɗan Adam.

Saurin girman nan shi ke sa ciwon jin magani sosai in an fara da wuri. Don haka in muƙamuƙin yaro ya kumbura cikin 'yan kwanaki, haƙoransa na girgiɗa, kada a ce hangum ne a zauna jira. A garzaya da shi asibiti, a kuma riƙa kwantar da yara cikin gidan sauro.