Ƙwallo ko aji: shekaru ukun da ke cinye yaran Guéné

Tun da West Ham ta sayar wa Tottenham Mohammed Kudus a watan Yulin 2025 a kan kusan fam miliyan 55, wato sama da sefa biliyan 40, wannan adadi ya zama hujja a bakin yaron da ya gaji da zaman aji. Kudus ɗan Nima ne, zangon Accra inda Hausa ke yawo a titi, saboda haka yaro a Guéné ko Malanville da ke arewacin Benin, ko Gaya ta Nijar, ba ya yi masa kallon baƙo, gani yake ɗan unguwarsu ne ya haye. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne rabin labarin da ake yankewa. Kudus bai ajiye littafi ya bi dillali ba. Yana ɗan shekara 12 ya shiga Right to Dream, makarantar kwana da Tom Vernon ya kafa a Gana a 1999, inda darasi da atisaye ke tafiya tare, kuma a can ya zauna har 2018, shekarar da ya cika 18, kafin ya wuce kulob ɗin Nordsjælland na Denmak. Yaron da zai bar aji a Guéné yau da sunan bin sawun Kudus, wata hanya dabam ya kama, kuma a ganina mafi yawan masu kama ta asara suke yi.

A Amurka ma ana wannan gardama, a wasan besbol. Yaron da ya gama sakandare, wani kulob ya zaɓe shi, ko dai ya sa hannu ya fara daga ƙananan rukunai, ko ya tafi jami'a, inda ƙa'ida ta ce sai ya yi shekara uku ko ya kai 21 kafin a sake zaɓarsa. Gerrit Cole ya ƙi tayin New York Yankees a 2008, ya tafi jami'ar UCLA, a 2011 Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya da ladan sa hannu dala miliyan 8. Wasu sun ƙi irin wannan tayi, rauni ya same su a jami'a, kuɗin ya wuce su. Amma a can kowace ƙofa da takardarta: ko kwantiragi mai adadi a rubuce, wanda sau da yawa har da alkawarin biyan kuɗin jami'a daga baya, ko gurbin karatu. Iyaye suna auna abu biyu ne da suke gani a gabansu. Uban yaro a Guéné kuwa, a hannu ɗaya yana da makarantar da ba ta da tabbas, a ɗaya hannun maganar baki.

Talauci yana ciki, babu musu, haka gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu. Sai dai tushen matsalar, a nawa nazarin, wani giɓi ne na shekara uku. Yaro yakan fara fice a filin unguwa yana da 14 ko 15, daidai lokacin da yake fuskantar jarrabawar BEPC. Doka ta 19 ta ƙa'idojin sauya kulob na FIFA kuma ta hana kai ɗan wasa wata ƙasa sai ya cika 18, in ban da 'yan togaciya, kamar iyayensa su yi ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko kuwa gidansu da kulob ɗin duk suna cikin kilomita 50 daga iyaka. Wannan ta ƙarshen za ta iya kai yaron Guéné Gaya, ba za ta kai shi Faransa ba. Ko manyan da ake buga misali da su sai da suka jira. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, amma sai da ya cika 18 a watan Oktoban 2010 ya samu damar buga wa VVV-Venlo ta Holan. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015, bai shiga Wolfsburg ba sai Janairun 2017. To yaron da ya bar aji yana da 15, ina zai yi shekara ukun nan? Babu kulob ɗin Turai da zai iya yi masa rajista. Kulob na ƙwararru a arewacin Benin, irin Buffles du Borgou ta Parakou, kaɗan ne, kuma ba ɗan 15 suke nema ba.

A cikin wannan giɓi dillali ke cin kasuwarsa. Mutanen Guéné sun fi kowa sanin dillanci, ga kasuwar shanunsu nan, sun kuma san ba a karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. A harkar ƙwallo an juya abin: uba ne ke biya tun kafin a ga mai saye, kuɗin fasfo, kuɗin biza, kuɗin "gwaji". A sayar da sa, a jinginar da gona, yaro ya tafi Kwatano ko Legas ko Maroko ya zauna jiran gayyatar da ba ta zuwa. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 23 daga Afirka ta Yamma, wasu 'yan shekara 14, zuwa kulob ɗin Champasak United a Laos. Tun 2023 FIFA ta wajabta wa wakilan 'yan wasa cin jarrabawa da riƙe lasisi, amma iyaye nawa ne a Alibori, jihar da Guéné take ciki, suka san su nemi ganin wannan lasisi?

Illa ta biyu ta fi ciwo, domin tana taɓa sunan yaron kansa. Kasuwar ƙwallo ƙuruciya take saye. Ɗan 18 ya fi ɗan 22 daraja ko da ƙafarsu ɗaya. Wanda ya ɓata shekaru yana jira sai a ba shi shawarar "gyara" takardar haihuwa. Benin ta ga ƙarshen wannan a Yamai a watan Satumban 2018, lokacin da aka kori tawagarta ta 'yan ƙasa da 17 daga wasannin neman gurbin gasar Afirka bayan gwajin ƙashi na MRI. 'Yan wasa 10 aka gurfanar a kotu a Kwatano, aka yanke musu hukuncin ɗauri tare da tsohon shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Anjorin Moucharafou. Najeriya ma a 2016 yara 26 ne suka faɗi wannan gwaji gab da karawa da Nijar. Yaron da aka sauya wa shekarar haihuwa ya rabu da takardun makarantarsa, domin CEP ɗinsa da BEPC suna ɗauke da tsohuwar shekara. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko gwaji ya ƙi, komawa aji ma ta zama wahala.

Masu cewa a bar yara su gwada sa'arsu suna da abin faɗa, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Alibori na cikin jihohin da suka fi ƙarancin yara a makaranta a Benin, masu BAC da digiri suna nan suna kabu-kabu, kuma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 rufe gadar Malanville ya karya cinikin da gidaje da yawa suka dogara da shi. Ƙwallo kuma ba ta jira. Ƙafar ɗan 17 ba ta dawowa. Duk na yarda. Amma wannan hujja tana aiki ne ga yaron da kwantiragi ke gabansa, an rubuta albashi, an rubuta wa'adi. Irin wannan yaro, in ya kai shekaru, ni ma zan ce ya sa hannu. Su ne 'yan kaɗan, sauran kuwa ana karɓe musu ƙaramin abin da ke hannunsu ne ba a ba su komai ba.

Inda aka cike giɓin nan, an ga amfaninsa. Diambars da ke Saly a Senegal, wadda ɗan Benin Jimmy Adjovi-Boco ya kafa a 2003 tare da Patrick Vieira da Bernard Lama da Saer Seck, ta ɗora karatu a gaban ƙwallo, kuma ita ta fitar da Idrissa Gana Gueye. Right to Dream ta tura Abu Danladi makarantar sakandare a Kalifoniya, daga nan jami'ar UCLA, a 2017 Minnesota United ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya a zaɓen 'yan wasa na gasar Amurka. Bai yi sunan Kudus ba, rauni ya yi ta damunsa, amma ya ci abinci da ƙwallo bayan ya zauna a ajin jami'a.

Guéné ba za ta samu irin waɗannan makarantu gobe ba. Abin da ke kusa shi ne rajista. Dokar FIFA ta tanadi diyyar horarwa ga kulob ɗin da suka reni ɗan wasa tun daga shekara 12, da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayar da shi zuwa wata ƙasa, kuma tun Nuwamban 2022 akwai ofishi a Paris da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe. Sai dai kulob mai rajista kaɗai ake biya, kan yaro mai rajista. Kocin unguwa da ya shekara biyar yana saya wa yara ƙwallo daga aljihunsa ba ya cikin lissafi, shi ya sa ɗan abin da dillali zai miƙa masa ke da tasiri a kansa. Gwamnatin Benin ta riga ta shigar da azuzuwan wasanni cikin makarantun sakandare. Idan hukumar ƙwallon ƙasar ta yi wa ƙungiyoyin yara na yankin Malanville rajista, ta rubuta kowane yaro tun yana 12 da ainihin takardar haihuwarsa, ta kuma ɗaure buga gasa da zuwa aji, kocin zai fi samun riba in yaron ya zauna a gida har ya cika 18.